Kakin Labbo da Ruwan Jego

Shekarar da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, duk mai iya riƙe cokalin gini sai da ya san yana da daraja. Ma'aikata suka yi ta kwararowa Birnin Kebbi, katifa a saman mota, iyali a ciki, gidajen da za su shiga kuwa babu. Tsoffin gidaje aka bi ana fasawa ana gyarawa, kuma abin da kowace matar ma'aikaci ke fara leƙawa shi ne banɗaki. A nan ne Labbo magini, mutumin Argungu, ya yi suna.

Labbo ba ya aikin tayil. Ba wai bai iya ba ne, raina shi ya yi. Tun yana saurayi ya yi shekara huɗu a Yamai, a can ya koyo wani aiki na daban. A tankaɗe yashi sai ya yi laushin gari, a kwaɓa da siminti, a shafe bango da ƙasa siriri-siriri har sau uku, a bi da gindin kwalba ana gurzawa sai ya yi sumul. In ya bushe sarai, a narka kakin zuma a shafe shi, a goge da tsumma. Wallahi in ka leƙa banɗakin da Labbo ya gama, kunyar shiga da takalmi za ka ji. Ruwa in ya zuba sai ya dunƙule ya gangara, ba wata tsaga da datti zai maƙale, gansakuka kuwa ba ta ga wurin zama ba. Daga Gwadangaji har cikin gari ba ka jin komai sai "aikin Labbo", shi ma kuma ya san ana faɗi. Har tafiyarsa ta canja, hula ta koma gefe guda.

To amma je ka gidansa na Argungu ka sha mamaki. Makewayin gidan tun na zamanin kakansa ne: katangar laka ba rufi, duwatsu uku na tsayawa, ƙasa kullum a jiƙe. Da damina ta kankama sai ya yi kore shar. Duk ranar Alhamis in ya dawo daga Birni yakan ce mako mai zuwa zai taɓa shi, shekara tara ke nan ana jiran makon.

Labbo yana da 'ya, Sharifa, ita ce ta fari. Kowa ya san yadda ake da ɗan fari a wajenmu. Bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ɗaukarta ba, ko dariya ta yi tana ƙarama sai ya kau da kai. In ya zama dole ya ambace ta, "yarinyar ga" yake cewa. Uwarta Hauwa'u ma haka, ko ma fiye. Yayarsa Laure, wadda ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta, ita ta goya ta, ita ta yaye ta, ita ce bakin kowa a kan maganarta. Amma kada kunya ta ruɗe ka. A cikin 'ya'yansa bakwai babu wanda Labbo yake so kamar yarinyar nan, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.

An aurar da ita ga Mujtaba, wani ma'aikacin gona da aka dawo da shi Birnin Kebbi daga Sakkwato, yana zaune da mahaifiyarsa Hajiya Jannatu. Da ciki ya bayyana, sai Labbo ya shiga lissafin watanni a zuci. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, a yi wankan jego na kwana arba'in, sannan a mai da mace ɗakinta. Wata uku cur ke nan zai riƙa jin muryarta a tsakar gidansa, ya ji kukan jikansa ta katanga. Ba abin da yake jira a duniya kamar wannan.

Wata Alhamis ya dawo, ko ruwa bai gama sha ba, Laure ta ja tabarma ta zauna gabansa.

"Labbo, Hajiya Jannatu ta zo jiya. Ta ce ɗiyar ga ba ta zuwa wankan gida."

Ya ajiye moɗa. "Don mi?"

"Don makewayinka. Ta gane shi da idonta ranar buki. Ta ce ɗiyar ƙanwarta wuri irin wanga ta zame tana jego, kwana goma da haihuwa, ƙugu ya goce, har yau da sanda take tafiya. Kuma ba ta yi muna rashin kunya ba, wallahi har haƙuri take ba mu. Ta ce su can suna da na tayil."

"Tayil!" in ji Labbo, kamar an zage shi. "Yaya, nan anka yi wankan kowa cikin gidan ga. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Amma ni sau biyu na faɗi bana, ban dai gaya maka ba."

Abin ya yi wa Labbo ciwo ƙwarai, kuma abin da ya fi ciwon shi ne matar nan tana da gaskiya. Shi da matan manya ke yi wa layi, a ce 'yarsa ba za ta zo gida ba saboda wurin wanka! Hauwa'u tana can bakin murhu tana tuƙa tuwo, ba ta ɗago ba, amma muciyar ta tsaya.

"A aika ma Hajiya," ya ce. "A ce ina gaishe ta. Nan da mako shida ta zo ta duba da kanta. In bai yi mata ba, na yarda da abin da ta ce."

Washegari bayan an sauko daga Juma'a ya rushe makewayin. Ayyuka uku ne ke jiransa a Birni, ya aika musu cewa uzuri ya taso. Ya ta da bulo, ya ɗora kwano, ya bar taga sama don iska. Yashi kuwa bai yarda da na kowa ba, da kansa ya gangara gulbi ya zaɓo, ya tankaɗe da rariyar Hauwa'u, ita kuwa ta ga rariyarta ta tafi ba ta hana ba. Ya karkata ƙasan zuwa magudana yadda ko ɗigo ba zai kwana ba. Ya gina ɗan dakali a kusurwa don mai jego ta samu wurin zama. Shafe uku ya yi, ya gurza da gindin kwalba har tafin hannunsa ya yi kanta. Mako guda yana ba shi ruwa safe da yamma, mako uku ya hana kowa ko leƙawa, mutanen gida suna zagawa gidan maƙwabta suna mita.

Ranar shafa kaki ya sa aka kawo masa na saƙar bana daga wajen masu zuma. Ya narka, ya shafa, ya goge, ya sake shafawa, ya sake gogewa. Da ya gama, bango da ƙasa suka yi wani irin duhu mai sheƙi, in ka tsaya a ƙofa sai ka hangi inuwarka a ƙasa. Bai taɓa yin wanda ya kai wannan ba, ko a gidan babban sakatare. Maƙwabta suka yi ta shigowa kallo suna salati, Labbo yana tsaye gefe yana cewa, "A'a, ɗan abu ne dai munka taɓa," alhali bakinsa ya ƙi rufuwa.

Laure ce kaɗai ba ta yi salati ba. Ta leƙa, ta shafa bangon, ta duƙa ta shafa ƙasan, ta sansana yatsunta.

"Mi ka shafa mashi?"

"Kakin zuma, Yaya. Ruwa ba ya kama shi."

"Wane ruwa?"

"Ruwa dai. Kowane iri."

"To," in ji Laure. "Gobe da safe mu gani."

Washegari saura kwana huɗu zuwan Hajiya. Da hantsi Labbo ya fito ya tarar Laure ta girka babbar tukunya, ta cika mata wuta, ruwa yana ta tafarfasa yana tsalle. Gefe ga damin ganyen dogon yaro ta ɗaure gindinsa.

"Yaya, wa za a fige?"

"Ɗiyarka. Kai kana tsammanin da ruwan famfo aka wankan jego?"

Gaskiyar magana, haka yake tsammani, ko dai ruwa mai ɗan ɗumi. Ina zai sani? Haihuwa shida aka yi a gidansa, amma namiji ba ya zuwa kusa da wurin, iyakarsa ya ga hayaƙi ya ga itace yana ƙarewa. Banɗakunan da ya yi a Birni kuwa duk na ruwan sanyi ne da ke zubowa daga famfo.

Laure ta juye ruwan a babban daro, ita da Hauwa'u suka kama suka shigar. Ko sirkawa ba ta yi ba. Ta tsoma ganyen ta shiga fyaɗawa, bango, dakali, ƙasa, yadda ake fyaɗa wa mai jego a baya da ciki. Tururi ya turnuƙe ɗakin. Da ta gama ta tuntsurar da sauran a ƙasa ta fito tana share fuska.

"Safe da marece, kwana arba'in," ta ce. "Shiga ka gani."

Da tururin ya lafa, sai ga ƙasan ya yi fari-fari, dabbare-dabbare, kakin ya taso ya kwanta a sama kamar maiƙon miya. Labbo ya gani sarai, amma girman kai bai bar shi ya yi shiru ba.

"Launi ne kawai ya canja. In anka goge..."

Ya tuɓe takalmi ya taka don ya nuna mata. Taku na biyu ƙafafunsa suka yi gaba suka bar shi, ji kake tim! Babban magini ya zauna daɓas a cikin ruwan dogon yaro, hula ta yi nata wuri. Laure ta ce "Subhanallahi," sannan dariya ta ci ƙarfinta har tana riƙe bango.

Labbo bai yi dariya ba, bai kuma tashi ba. Yana zaune a wurin, zafin ƙugu yana hawa masa har wuya, abin da yake gani a ransa shi ne yarinyar nan, kwana uku da haihuwa, jiki ba ƙarfi, ta taka inda ya taka. Da hannunsa ya gina mata abin da ya fi tsohon makewayin haɗari, har yana tara mutane su yaba. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a saman bene.

Laure ta ga fuskarsa, dariyar ta tsaya. Ta miƙa masa hannu.

"Tashi, ƙanena. Ba a kai ga kuka ba."

"Yaya, kwana huɗu. Ko na fasa na sake, ba ya bushewa. Shi ke nan, a gaya ma Hajiya ta riƙe ta."

"Kai dai ka cika gaggawa. Mu da munka yi daɓe tun ba a san siminti ba, ka taɓa tambayarmu? Sama ka ɗora kakin ga, shi ya sa ya taso. Sabuwar tukunya in za mu shafa mata mai, sai mun gasa ta ta yi zafi, sannan ta shanye shi ciki. In ta sha, ko mi ka dafa ba ya fitowa."

Labbo ya dube ta. "Da mi zan gasa ɗaki guda?"

Bayan ɗan lokaci, yana tsaye yana kallon ɓarnar, ya ji an ajiye wani abu a bayansa. Dutsen guga ne na gawayi, an cika shi da garwashi, ga mafici a gefe. Ko da ya waiwaya, bayan Hauwa'u kawai ya gani tana komawa madafa.

Ya kankare kakin nan tas da wuƙa da ruwan zafi, ya bar ƙofa a buɗe rana ta busar. Washegari ya durƙusa. Ya ɗora dutsen guga a kan simintin sai wurin ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, ya goga ɗan kaki kaɗan, ya ga ya narke ya nutse ciki, ya bi da buhun algarara ya goge har ba abin da ya rage a sama. Faɗin tafin hannu, sannan ya matsa gaba. Laure tana bakin ƙofa tana fifita garwashi, tana ba shi labarin yadda suke daɓe da waƙa a zamaninsu, tana yi masa tsiya a kan faɗuwar jiya. Kwana biyu yana rarrafe a ɗakin nan, gwiwoyinsa suka kumbura, salla ma a zaune ya yi ta.

Suka sake gwadawa da tafasasshen ruwa. Kaki bai taso ba, launi bai canja ba, ƙasan yana ta sheƙinsa. Labbo ya yi hamdala. Laure ta shiga da ƙafarta, ta ɗan murza diddige.

"Ya yi kyau. Amma har yanzu da sauran santsi. Ni da ƙarfina na ji shi, bale wadda ta haihu."

"Yaya, in na taɓa shi ƙyallin zai mutu."

"To ka zaɓa."

Ya daɗe yana kallon ƙasan nan. Shekara talatin yana koyon yadda ake fito da wannan ƙyallin, kuma shi ne abin da Hajiya za ta fara gani in ta leƙo. Ba zan ɓoye maka ba, sai da ransa ya yi masa ƙaiƙayi. Sannan ya fita ya ɗebo yashi mai tsakuwa, ya samo dutse, ya durƙusa a kan kumburarrun gwiwoyinsa ya shiga gurzawa. Tun daga bakin ƙofa har gindin dakali har magudana ya bi, sai da ƙasan ya koma dishi-dishi, yana kama tafin ƙafa. Bango kaɗai ya bar wa sheƙinsa.

Ranar Laraba da hantsi motar Mujtaba ta tsaya a ƙofar gida. Shi ya tsaya a zaure, Hajiya Jannatu ta shigo, doguwar mace mai farin gilashi, ba ta da yawan magana. Aka gaisa, aka sha fura, aka tambayi mutanen Birni. Sannan ta ce a nuna mata.

Laure ta riga ta girka tukunya, don ta san da wa take yi. Hajiya ta tsaya a ƙofa ta dubi bangon, ta kai hannu ta shafa, ta ce "Ma sha Allahu." Ta dubi ƙasa ta ɗan yamutsa fuska. Labbo yana tsaye nesa kaɗan, hannu a baya.

"Malam Labbo, na ga aikinka gidan maƙwabtanmu, ƙasan har fuska ake gani. Wanga fa? Ko ba a ƙare ba?"

"An ƙare, Hajiya. Ya fi wancan ƙyalli, ni na kashe shi."

"Don mi?"

"Don na faɗi a kansa. Da ruwan zafi ya taɓa shi, santsi ya yi. Yaya Laure ta gwada mani, ita kuma ta nuna mani gyaran."

Laure ta dube shi da mamaki, don tun da take ba ta taɓa jin Labbo ya ce wani ya nuna masa wani abu a gini ba.

Hajiya ta tuɓe takalmi, ta naɗe bakin zane, ta karɓi ganyen da hannunta. Ta fyaɗa ruwan nan ko'ina har tururi ya rufe ta, ta sa aka kawo sabulu ta goga a ƙasa, ta taka, ta murza, ta juya, ta zauna a dakalin ta tashi ba tare da ta dafa komai ba. Ta tsaya ta ga ruwan ya bi magudana ya tafi duka. Da ta fito gilashinta ya yi hazo, ta cire tana gogewa da bakin mayafi.

"Nawa na tayil bai kai wanga ba," ta ce. "Asabar in Allah ya kai mu, Mujtaba zai kawo ta."

Laure ta rangaɗa guɗa. Daga madafa aka ji wani abu ya faɗi, ludayi ne ko murfi. Labbo ya ce, "Mun gode, Hajiya, Allah shi saka," da murya daidai, kamar an ce masa an kawo yashi.

Hajiya ta mai da gilashinta, ta dube shi.

"Bari in gaya maka wani abu, ko da yake na san ba a yi maka maganarta. Ran da na dawo daga nan na ce mata ba ta zuwa gida, yarinyar ga da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba, sai ta ce, 'Hajiya, ki ba babana wata guda.' Lokacin saƙonka bai iso ba. Na ce, ya aiko maki ne? Ta ce a'a, shi bai taɓa ce mata komai ba ban da amsa gaisuwa. Na ce to ina kika sani? Ta ce, 'Na san shi. Ba ya bari in yi wanka gidan wani.' Tun ran nan ta ɗaure kayanta, suna nan bakin gado."

Labbo ya buɗe baki zai faɗi abin da uba ke faɗi in an yi zancen ɗan fari a gabansa, wato ai yarinta ce, kada a biye mata. Sai kawai ya juya da sauri yana ɗingishi, ya tuna surukinsa yana zaure, sai ya karkata ya shige rumfar da yake ajiye kayan aiki. A can ya zauna a kan buhun siminti, mutum mai shekara hamsin da biyu, ya cire hula ya rufe fuska da ita ya yi kuka. Ba kukan baƙin ciki ba ne. Duk yabon da aka yi masa daga Yamai har Birnin Kebbi, babu wanda ya taɓa cika masa ƙirji kamar wannan.

"Labbo!" Laure ta ƙwala daga tsakar gida, don ta rufa masa asiri gaban baƙuwa. "In ka ƙare neman abin da kake nema, Asabar aka ce. Ka jiya?"

Ya share fuska, ya gyara murya.

"Na jiya, Yaya."